Dakta Bakwai a Waya Ɗaya

Damina biyu da suka wuce, wajen tsakiyar Yuli, ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida bayan La'asar, riƙe da ganyen masara. Ganyen duk huji ne, a cikin kunnen masarar kuma ga wani abu mai kama da garin katako. Gonarsa tana kan hanyar Bakori, kadada ɗaya da 'yan kai, ga bashin taki a wuyansa. Ya yi feshi sau biyu, tsutsar ko gezau.

"Kawu, akwai wani Dakta da muka haɗu da shi a bitar da aka yi mana bara. Aikinsa ke nan, ƙwarin masara. Har lambarsa na karɓa."

Na ce, "To, kira shi mana."

Ya zaro waya ya shiga lalube, ni kuma ina leƙe ta kafaɗarsa. Ga Dakta, ga Dakta 2, ga Dakta Taro, Dakta Bita, Dakta Zariya, Dakta Sabo, da wani Dakta Oga. Bakwai cif. Na farko da ya kira likitan dabbobi ne, ya ce shi da masara sai a tuwo. Na biyu a kashe. Na uku wata mata ta ɗauka, ta ce ita sabon layi ta saya, kuma an ishe ta da neman Dakta. A na huɗu aka dace. Mutumin kirki ne, ya amsa sallama da sakin fuska, sannan ya yi tambayar da ta kashe wa yaron jiki: "Wa ke magana? Wace bita?" Wata goma ke nan da rabuwarsu, ko gaisuwar Sallah ba ta shiga tsakaninsu ba. Duk da haka ya yi masa bayani, ya ce ya daina feshi da tsakar rana, ya yi da sassafe ko da yamma lis, ya kuma saita bakin injin cikin kunnen masarar inda tsutsar ke ɓuya. Shawarar ta yi amfani, sai dai ta zo bayan an riga an ci rabin gonar.

Da ku nake, samari da 'yan matan da ke cika ɗakunan taro daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Yankinmu ba ya rasa taro. Yau bitar ƙungiyar manoman masara, gobe ranar baje gonar gwaji ta malaman gona na hukumar KTARDA, jibi kamfanin iri ya zo tallar sabon samfuri. Wasunku na zuwa kasuwar baje koli ta Kaduna ko ta Kano. Tun da aka buɗe tashar kaya ta kan tudu a Funtuwa a 2024, zancen fitar da waken soya da zoɓo da riɗi zuwa ƙetare ya ƙara shiga bakin masu jawabi. Na halarci irin waɗannan taruka ba adadi, kuma ƙarshensu iri ɗaya ne. Ana shafa fatiha sai a yi caa a kan babban baƙo, kowa da waya a hannu. "Ranka ya daɗe, a taimaka da lamba." Shi kuma yana sauri ya shiga mota, sai ya karanto ta da ƙarfi, mutum talatin su danna a lokaci guda. A karɓi kuɗin mota, a ɗauki hoto, a watse. Kowa ya koma gida da jin cewa ya yi babban kamu.

Ba ku kama komai ba tukuna. Lamba goma sha ɗaya kuka samu, kuma mai ita bai san da zamanku ba.

Abu na farko ƙarami ne har ina jin nauyin faɗarsa, amma shi ya kayar da ɗan ƙanwata. Kafin ka bar harabar taron, ko a cikin motar komawa, ka rubuta sunan mutumin yadda bayan shekara biyu za ka gane shi: sunansa, abin da ya sani, garinsa, da inda kuka haɗu. Wayoyin yanzu suna karɓar dogon suna, kuma a ƙarƙashin kowace lamba akwai wurin ƙarin bayani da kusan babu mai taɓawa. Nan za ka sa abin da kuka tattauna, ko da kalma biyar ce: ya ce in gwada shuka waken soya bayan masara saboda wuta-wuta. Idan ka rubuta aikin mutum a jikin sunansa, ran da ka shiga matsala ba sai ka tuna sunan ba. Ka rubuta "ƙwari" a wurin nema, ya fito.

Sai saƙon farko. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kada ya wuce kwana biyu ko uku, tun fuskarka ba ta gama gogewa daga ransa ba. A nan ne tarbiyyarmu mai kyau take yi mana ƙafar ungulu. An koya mana cewa ba a faɗa wa babba buƙata sai an gama gaisuwa, an tambayi gida da iyali da gajiya. A zaure haka ne. A WhatsApp kuwa sai yaro ya rubuta "Slm" ya yi shiru yana jira. In an amsa bayan awa shida, ya rubuta "Ina wuni." Washegari, "Ya aiki." Mutumin da saƙo ɗari ke jiransa, daga lambar da bai sani ba, a kan "Slm" ɗin zai tsaya. Ladabin waya shi ne ka haɗa komai a saƙo guda: ka yi sallama cikakkiya, ka gaishe shi da girmamawar da ta dace da shi, ka faɗi sunanka da garinku, ka tuna masa inda kuka haɗu da abin da ka tambaye shi, ka yi godiya, ka tsaya. Kada ka roƙi komai. In hoton da kuka ɗauka tare yana nan, haɗa da shi, domin fuska ta fi suna zama a rai. In rubutu na ba ka wahala, saƙon murya ya wadatar, amma ka shirya abin da za ka faɗa kafin ka danna, kada ya wuce minti ɗaya, kuma ka matsa daga bakin injin niƙa.

Filashin kuwa, ka bar wa abokanka.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe. Yawancin lambobin da aka karɓa a taro suna mutuwa ne saboda mai karɓar ya ɗauka ba shi da abin bayarwa, don haka ba ya kira sai ran roƙo. Oga a taimaka da aiki. Oga an ce ana rabon taki. Oga ɗaurin aure ya matso. Mutum uku suka yi wa baƙon haka, sai ya daina ɗaukar duk lambar da ta fito daga wannan taron, har da ta wanda bai ji ba bai gani ba.

Alhali kuna da abin da manyan nan ke nema ruwa a jallo. Ku dubi cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga can irin masarar SAMMAZ da audugar SAMCOT da waken SAMPEA suke fitowa. Masanin da ya shafe shekaru yana tace iri ɗaya, babban abin da yake son sani shi ne yadda irin ya yi a gonar talaka, a jar ƙasar Kafur ko a fadamar Ɗanja, a hannun wanda buhu biyu na kamfa kawai ya iya saye. Ba zai iya zagaya kowane ƙauye ba, balle yanzu da hanyoyin Faskari da Sabuwa suka zama sai da addu'a. Kai kuwa kana cikin gonar kullum. Tsutsar da ta ci masarar ɗan ƙanwata ba a san ta a Afirka ba sai a 2016, daga nahiyar Amurka ta zo. A shekarar ce kuma ƙwaron tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ya share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, har kwandon tumatir ya gagari masu miya. A irin wannan annoba, manomi ne ke fara gani, makonni kafin labari ya kai ofis. Yaron da ya tura hoto da wuri ya ce "Dakta, ga wani abu da ban taɓa gani ba", ya yi wa Daktan alherin da ba zai manta ba.

Amma hoton ma yana da ƙa'ida. Goge gilashin kyamarar da bakin riga. Ka ba rana baya. Ɗauki ganyen ta sama, ka juya ka ɗauki ƙarƙashinsa, domin a nan ƙwai da ƙananan ƙwari suke maƙalewa. In ka sami tsutsar, ɗora ta a tafin hannu ko kusa da tsinken ashana don a gane girmanta. Sannan ka ja baya ka ɗauki gonar gaba ɗaya, a ga ko ɓarnar a gefe take ko ta game ko'ina. Ƙarƙashin hoton ka rubuta irin da ka shuka, ranar shuka, takin da ka sa, maganin da ka fesa da yaushe. Malamin gona da ya sami saƙo irin wannan zai amsa cikin minti biyu. Wanda aka tura wa dishi-dishin kore da tambayar "Mene ne wannan?" sai ya yi tambaya goma kafin ya fara, kuma yawanci ba zai fara ba.

Haka yake ga 'yan kasuwa. In ka haɗu da mai sayen hatsi daga Dawanau, ko wakilin kamfanin abincin kaji daga Ibadan, abin da ke hana shi barci shi ne farashin Dandume. Kai kuwa ranar kasuwa kana can. Saƙo na layi biyu, buhun farar masara kaza, ja kaza, waken soya kaza, kaya sun cika ko sun yi ƙaranci, in ka riƙa tura shi a kai a kai ba tare da ka ƙara ko ka rage ba, wata rana shi zai neme ka ya ce ka haɗa masa tirela. Na ga wanda ya zama dillali ta wannan hanyar, da wayar da gilashinta ya tsage.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurin Bahaushe. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro, tafiyar watanni a ƙasa, suna da mai masauki a kowane zango, kuma ba a isa wurinsa hannu rabbana. Ana kai masa tsaraba, ana kai masa labarin hanya da na kasuwa. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ake cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi a kan bashi, tsakanin mutanen da ɗaruruwan mil suka raba, ba kotu ba takardar yarjejeniya. Masu gida ne ke riƙe da harkar, kuma jarinsu shi ne labari: nawa ake sayarwa, wa ya cika alkawari, wa ya ci amana. Abin da kakanninku suka yi da jaki da jirgin ƙasa da wasiƙar ajami, ku an sa muku shi a aljihu.

Wani masanin kuma a Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa bincike a 1973 bayan ya tambayi mutanen da suka sami sabon aiki a wani gari kusa da Boston ta wa suka ji labarin aikin. Mafi yawan waɗanda suka samu ta hanyar wani, ba ta hannun aminan da suke gani kullum ba ne, ta hannun sanayya ce ta nesa-nesa, mutanen da ake haɗuwa jefi-jefi. Dalilin a fili yake in ka duba majalisarku. Abin da ka sani, su ma shi suka sani, inda ka shiga nan suke shiga. Sabon labari yana wurin mutumin Zariya ko Gusau da kuka zauna kujera ɗaya ranar bita. Wannan ya sa nake ce muku kada ku ƙare a kan babban baƙo. Wanda ke gefenka, sa'anka, mai noman rani a bakin dam ɗin Mairuwa ko mai kiwon kaji a Ƙanƙara, sau da yawa lambarsa ta fi ta Farfesa amfani, kuma shi zai ɗauki wayarka.

To, sai guruf. Babu taron da ake tashi yanzu ba a buɗe masa guruf ba. Na san rayuwarsa kamar yadda na san ta gero. Makon farko godiya da hotuna. Mako na biyu barka da Juma'a da furanni masu ƙyalli. Wata na biyu wani ya turo maganin da ke warkar da cuta arba'in, wani ya turo hoton ɗan takararsa, a kaure da zage-zage. Da sannu sai ka ga malaman da aka buɗe guruf ɗin dominsu sun zame ɗaya bayan ɗaya, an bar masu furanni. WhatsApp ya yarda a tara mutum fiye da dubu a guruf guda, amma wanda na ga ya yi ƙarko bai wuce mutum ashirin da 'yan kai ba, kuma aiki ɗaya ya tara su: haɗa kuɗi su sayi taki a sari kafin damina. Admin ɗinsu wata malamar makaranta ce mai tsare gida. Ta ce gaisuwa ranar Juma'a kawai, siyasa ko ta ubanka ce a kai wani wuri, kuma ta cire mutum biyu a watan farko ba ta nemi afuwar kowa ba. In an sa ka a babban guruf, kada ka fita, amma ka ɗauke shi kamar kasuwa: ka lura da mutum uku ko huɗu masu magana mai ma'ana, ka bi su ta gefe ka gabatar da kanka.

'Yan matana, ku kam kun san ba duk mai cewa "kawo lambarki saboda harkar ƙungiya" ne ƙungiya ta dame shi ba. Ba dole ba ne ki bayar. Kina iya cewa a same ki ta guruf ko ta shugabar ƙungiyarku, kuma duk wanda saƙonsa ya fara zuwa bayan Isha'i, wayar tana da wurin toshewa. Amma kada wannan ya sa ki dawo daga taro hannu wofi. Matan da ke sarrafa waken soya su yi awara da madara, da masu tatsar man gyaɗa, sun fi maza riƙe irin wannan hulɗa in sun same ta. Ku kuma samari, lambar da aka ba ku amana ce. Kada ka miƙa wa wani sai ka tambayi mai ita. Takardar sa hannun mahalarta ma da wasu ke ɗauka a hoto su watsa, ba daidai ba ne.

Daga irin wannan watsawar ne 'yan damfara ke cin abinci. Za a kira ka da murya mai daɗi, a ambaci sunanka da sunan guruf ɗinku, a ce an shirya taro ta intanet da daddare, an turo maka wasu lambobi shida, ka karanto don a sa sunanka. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Kana faɗa an ƙwace shi, kuma kafin gari ya waye an bi duk mutanen da ka sha wahalar tarawa ana roƙon kuɗi da sunanka. Kada ka karanta wa kowa su, ko da muryar ta yi kama da ta admin. Ka shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbaci mai mataki biyu, ka sa lambar sirrin da kai kaɗai ka sani. Duk fom ɗin tallafin taki ko na rance da aka ce sai ka tura kuɗi asusun wani mutum kafin a ba ka, ka kira wanda ka sani a ofishin da aka ambata ka tambaya. Ga amfanin lambar da aka adana da kyau.

Kada kuma ku manta da 2021. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ba a maido ba sai a Disamba. Kusan wata uku, daidai lokacin kaka, lokacin da manomi ya fi buƙatar jin farashi. Wasu har Zariya ko Kano suke zuwa don su yi kira ɗaya. Waɗanda cinikinsu bai tsaya ba su ne waɗanda suka san ƙofar gidan abokin hulɗarsu, da direban da za a ba saƙo. Ban da wannan, ana sace waya a kasuwa, tana faɗawa rijiya, an rufe layuka da yawa saboda rashin haɗa su da lambar NIN, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na sake sayar da shi, kamar yadda matar nan ta gaji Dakta. Saboda haka ka adana lambobinka a asusun Google, kada ka bar su a kan sim kawai, ka kuma rubuta kalmar sirrin asusun a inda ba za ta ɓata ba. In ka sauya layi, WhatsApp yana da hanyar sanar da mutanenka. Sannan ka sayi ƙaramin littafi na naira kaɗan ka kwafe mutum ashirin da ba ka son rasawa. Mahaifina yana da irinsa tun zamanin aikin gona na Bankin Duniya da aka fara a Funtuwa a 1975, wanda ya mai da masara abincin gona bayan a da a bayan gida ake shuka ta don gashi. Sunayen malaman gona ne a ciki, da garuruwansu, da ranar da suke zagayowa a kan babur. Ba lamba ko ɗaya, don wayar hannu ba ta zo ba sai 2001. In ya kwana biyu bai ga ɗayansu ba, sai ya ɗaure kaza a bayan keke ya bi sawu.

Na ba ɗan ƙanwata wannan labarin a daren da muka zauna gyaran wayarsa. Da kaka ya tura wa Daktan hoton abin da ya tsira, buhu goma sha ɗaya, da godiya, ba tare da ya nemi komai ba. Da bazara ya tura masa labarin ruwan farko. Da aka yi wa Daktan rasuwa ya gani a shafinsa, ya hau mota ta Giwa ya je ta'aziyya da ƙafarsa, ya dawo yana mamakin yadda mutumin ya gane shi tun daga bakin ƙofa. Bana da za a kafa gonakin gwaji a wajenmu, Daktan da kansa ya kira shi ya tambaya ko zai ba da gefen gonarsa.

Sauran Daktocin shida kuwa mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Likitan dabbobi ya sami cikakken sunansa, aka goge lambar matar nan don ta huta, biyu suka zama mutum ɗaya mai layi biyu, wanda ke kashe har yau a kashe yake. Dakta Oga ne ya gagara. Ya ɗauka, an gaisa, an tambayi iyali, shi bai san yaron ba, yaron bai san shi ba, kuma kowannensu ya ji kunyar tambaya. Yana nan a wayar.